Masaukin Gizon Bishiya a Gyaɗi-Gyaɗi

1.0 Gabatarwa

Da wuya a sami wata halitta da ta shiga bakin Bahaushe kamar gizo. Shi ne gwarzon tatsuniya, mai tsamin baki da yawan dabara, wanda yakan yaudari zaki, ya wawantar da kura, sa'an nan ya koma gida wurin matarsa Ƙoƙi. Da sunansa ake rufe tatsuniya, domin mai bayarwa yakan ce ba don Gizo ba da ya yi ƙarya. Idan ruwa ya tsagaita, launuka suka bayyana a sararin sama, sai a ce bakan gizo ne. Da zamani ya zo da intanet kuwa, Hausawa ba su sha wahalar raɗa mata suna ba, suka kira ta yanar gizo. Amma duk da wannan shahara, gizo-gizon da yake raye a kusurwar ɗaki ba shi da wani rabo sai na tsintsiya. Yaro yana iya kawo tatsuniyar Gizo goma a zama ɗaya, amma da za a tambaye shi ƙafafun gizo-gizo nawa ne, ko ta ina yake numfashi, sai ya yi tsuru-tsuru.

Wannan rubutu yana ɗauke da labarin wani matashin malamin firamare mazaunin Gyaɗi-Gyaɗi, cikin Ƙaramar Hukumar Tarauni a Kano, wanda wani ƙaton gizon bishiya ya faɗo hannunsa ba tare da ya nema ba, da irin tanadin da ya yi masa. An kawo labarin ne domin ɗalibi mai koyon aikin malanta ya ga yadda bincike da lura da haƙuri suke haɗuwa a cikin aiki ɗaya, musamman idan akwai rai a ciki, akwai kuma lafiyar jama'a.

2.0 Zuwan Baƙo

Yawancin ayabar da ake ci a Kano daga kurmi take zuwa. Manyan motoci ne suke kwana a hanya da ita, a lulluɓe cikin busasshen ganye, su sauke a kasuwar 'Yan Lemo da ke Na'ibawa a kan titin Zariya, daga nan kuma masu tebur na unguwanni su saro. Wata rana da yamma, a ƙarshen damina, malamin yana komowa gida sai ya tarar da yara sun yi cincirindo a gaban teburin wani mai kayan marmari, kowa da dutse a hannu, ana ta ihun "Tautau ne! A kashe shi!" Da ya leƙa sai ya ga wani gizo-gizo maƙale a tsakanin nonon ayaba, faɗinsa ya kusa tafin hannun babban mutum, launinsa ruwan ƙasa mai ɗigo-ɗigon baƙi, ƙafafunsa kuwa suna da dogon gashi gefe da gefe kamar gashin tsuntsu.

Malamin ya dakatar da yaran, ya sa suka ja da baya. Ya ari wata robar alewa mai faɗin baki daga shagon da ke kusa, ya kifa ta a kan gizon, ya zura kwali ta ƙarƙashi a hankali, ya juyo ta ya rufe. A daren nan ya ɗauki hotonsa da waya, ya aika wa wani tsohon malaminsa na ilimin halittu a kwaleji. Amsar da ta dawo ba ta da daɗin ji. Alamu sun nuna cewa baƙon nan shi ne wanda masana suke kira Stromatopelma calceatum, ɗaya daga cikin manyan gizo-gizon da ake kira tarantula, kuma yana cikin waɗanda suka fi zafin nama da zafin dafi a Afirka. Tsohon malamin ya rufe saƙonsa da gargaɗin kada a kuskura a taɓa shi da hannu.

Hanyoyi huɗu ne a gaban matashin. Ko ya kashe shi, wanda shi ne mafi sauƙi. Ko ya sake shi a kan wata bishiya a unguwa, inda zai iya cizon wani yaro kafin hunturu ya busar da shi. Ko ya mayar da shi kurmi, tafiyar ɗaruruwan kilomita, ba tare da ya san dajin da ya fito ba. Ko kuma ya riƙe shi, ya ɗauki nauyinsa. Ya zaɓi ta huɗu, kuma tun da kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, sai ya zauna ya nemi sanin abin da ya ɗauko.

3.0 Wane ne Baƙon?

Gizo-gizo ba ƙwaro ba ne a ma'aunin ilimin halittu. Ƙwari, irin su fara da kyankyaso da sauro, ƙafafu shida gare su, jikinsu kuma kashi uku ne. Gizo-gizo kuwa ƙafafu takwas gare shi, jikinsa kashi biyu, wato gaba inda kai da ƙirji suka haɗe, da kuma ciki. Danginsa na kusa su ne kunama da kaska. A shekarar 2022 yawan nau'o'in gizo-gizon da masana suka tantance a duniya ya kai 50,000, kuma sama da 1,000 daga cikinsu tarantula ne. Asalin sunan daga garin Taranto na ƙasar Italiya ya fito, ko da yake gizon da aka fara kira da shi a can wani iri ne dabam.

Mafi yawan tarantula mazauna ƙasa ne, suna haƙa rami ko su fake a ƙarƙashin dutse. Kaɗan ne suka zaɓi bishiya, kuma su jikinsu ya fi sauƙi, ƙafafunsu sun fi tsawo, tafin ƙafar kuma cike yake da wani lallausan gashi mai ɗimbin yawa wanda yake ba su damar hawa ko da gilashi ne. A Kudancin Amurka akwai Avicularia, mai sanyin hali, wanda masu kiwo a Turai da Amurka suke ba sabon shiga shawarar ya fara da shi. A dazuzzukan Afirka ta Yamma kuwa akwai Heteroscodra maculata da kuma wannan baƙo na Gyaɗi-Gyaɗi, wanda wani masani ɗan ƙasar Denmak mai suna Fabricius ya fara bayyana shi a rubuce tun shekarar 1793. Mazauninsa shi ne kan itatuwan kwakwar manja da danginsu, da kogon bishiya, inda yake saƙa wa kansa wani zurfi kamar hannun riga. Tarantulan Amurka da yawa suna kāre kansu da wani gashi mai sa ƙaiƙayi da ke bayan cikinsu. Na Afirka ba su da shi, saboda haka makaminsu gudu ne da cizo. Cizon wannan nau'i yana jawo raɗaɗi mai tsanani da ɗaurewar tsoka wadda kan ɗauki kwanaki, kuma duk wanda ya cije asibiti ya kamata a nufa da shi.

Abubuwa uku malamin ya rubuta a littafinsa ya ja musu layi. Na farko, tarantula yana numfashi ne ta wasu huhu huɗu da ke ƙarƙashin cikinsa, masu shafi-shafi kamar littafi, waɗanda suke buƙatar iska mai gudu da kuma 'yar laima. Na biyu, ba tsoka ce take miƙar da manyan gaɓoɓin ƙafafunsa ba, matsin ruwan jikinsa ne, don haka idan ƙishirwa ta kama shi sai ƙafafun su naɗe ƙarƙashinsa ya mutu. Na uku, duk da idanunsa takwas, ganinsa ba shi da ƙarfi, da gashin jikinsa yake jin motsi da kaɗawar iska. A kan waɗannan abubuwa uku aka gina masaukin baki ɗaya.

4.0 Neman Izini

Kafin a sayi ko ƙusa, sai da aka wuce ta wurin mai gida, wato mahaifiyar malamin. Da yake ɗanta na fari ne, ba ta kama sunansa. Ta saurari bayaninsa har ƙarshe, sa'an nan ta ce, "Kai wannan, duk dabbobin duniya ka rasa abin kiwo sai tautau? 'Yan'uwanka suna kiwon tantabara da zomo, kai sai abin da zai yi wa jikokina fitsari ya sale musu fata?"

Ya russuna ya ce, "Allah ya huci zuciyarki, Hajiya. Ba cikin gida zai zauna ba, a shagona na soro zan ajiye shi, da kwaɗo a jikin akwatinsa, da kwaɗo a ƙofar shagon. Makullan kuma a aljihuna za su riƙa kwana." Ya ƙara da bayyana mata cewa ƙurajen da ake cewa fitsarin tautau ne, masana lafiya sun gano sau da yawa daga wani siririn ƙwaro mai launin ja da baƙi suke, idan aka murje shi a jikin fata, ko kuma daga ƙwayar cutar ƙarambau wadda takan kwanta a jiki shekaru sa'an nan ta farfaɗo.

Hajiya ta yi shiru, can ta nisa ta ce, "To, na ji. Amma ka san hadisin matar da ta tsare kyanwa, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Duk abin da ka kulle, cinsa da shansa sun hau kanka. Ranar da ka ga ba za ka iya ba, ka nema masa wanda zai iya." Waɗannan sharuɗɗa biyu, wato kada ya cuci kowa, kada kuma a cuce shi, su suka zame wa malamin ma'auni.

5.0 Ginin Masauki

Wanda ya haɗa akwatin wani mai aikin alminiyom ne a Tarauni, irin masu haɗa tagogi da akwatunan gilashi na masu sayar da kayan ciye-ciye. Da ya ga zanen sai ya ce, "Malam, ai ka juya takardar. Akwatin kifi a kwance ake yin sa." Malamin ya ce masa wannan a tsaye za a yi, domin mai ɗakin ba ya zama a ƙasa. Tarantulan rami faɗi yake buƙata, tsayi ma haɗari ne gare shi, domin idan ya faɗo cikinsa yakan fashe. Na bishiya kuwa tsayi shi ne rayuwarsa. Ƙa'idar masu kiwo ita ce tsayin masauki ya kai kamar ninki uku na faɗin gizon idan ya baje ƙafafunsa. Saboda haka aka yanke santimita 30 a faɗi, 30 a zurfi, 45 a tsayi. Ba a so ya wuce haka da yawa ba, domin a ɗaki mai girma abinci yakan ɓace wa gizon, shi ma gizon yakan ɓace wa mai lura da shi, kuma babu abin da ya kai buɗe ƙofa haɗari alhali ba a san inda yake ba.

Daga nan sai maganar iska, wadda ita ce ta fi kashe gizon bishiya a hannun sababbin masu kiwo. Mutum yakan ji an ce dabbar kurmi ce, sai ya toshe akwati ya cika shi da ruwa, ya manta cewa a kan bishiya iska ba ta tsayawa, ruwan sama yana sauka ya bushe. A rufaffen akwati mai jiƙaƙƙiyar ƙasa, iska takan mutu, fumfuna ta tsiro, gizon ya shaƙe. Don haka aka yi gefe biyu da roba mai kauri mai garai-garai, aka huda layuka biyu na ƙananan ƙofofi a kowane gefe, ɗaya daga ƙasa ɗaya daga sama, aka ƙara wasu a rufi. Ta haka iska take shiga ta ƙasa ta wannan gefe, ta fita ta sama ta wancan. Mai alminiyom ya kawo shawarar a sa ragar waya irin ta tagar sauro, amma malamin ya ƙi, domin tarantula yana da ƙananan farata a ƙarshen kowace ƙafa, sukan maƙale a saƙar waya, ya rataye har ƙafa ta cire.

An yi ƙofar a gaba, ba a sama ba, saboda gizon bishiya idan ya firgita sama yake nufa. Aka sa mata sakata da wurin kwaɗo. A gefe kuma aka huda wata 'yar ƙofa mai murfi, daidai shigar kyankyaso, domin a riƙa jefa abinci ba tare da an buɗe babbar ba. Da aka gama liƙe gilashi da gam ɗin silikon, sai aka bar akwatin a buɗe mako guda har warin tsamin gam ɗin ya fita sarai.

Maɓoya ita ce zuciyar masaukin. Masu kiwo a ƙasashen waje ɓawon wata bishiya ta yankin Bahar Rum suke amfani da shi, wanda babu shi a kasuwar Kano. Bishiyar da ta fi yawa a titunan Gyaɗi-Gyaɗi ita ce darbejiya, amma malamin ya kauce mata, domin ta ƙunshi sinadarin da yake hana ƙwari cin abinci da yin saɓa, shi ya sa ma manoma suke haɗa maganin feshi da ita. A maimakonta ya nemo guntun gora mai faɗin rami, ya tsaga ta biyu, ya kankare cikinta da wuƙa don ta yi kaushi, ya zuba mata tafasasshen ruwa, ya shanya ta kwana uku. Ya jingina ɓari ɗaya a tsaye a kusurwar baya, bakinsa yana fuskantar gilashi, ta yadda gizon zai sami duhu, mai lura kuma zai iya leƙawa. Ya ƙara busasshen reshen mangwaro a karkace, da 'yan ganyayen roba, domin yana ta sami wurin kamawa.

Shimfiɗar ƙasa kuwa, zaren ɓawon kwakwa ya tsefe ya gauraya da ƙasar lambu wadda ba ta taɓa ganin takin zamani ko maganin feshi ba, ya zuba kaurin santimita shida. Aikinta riƙe laima ne. Daga ƙarshe ya sa mazubin ruwa biyu, murfin kwalba mai faɗi a ƙasa, da wani da ya liƙa a bango kusa da bakin gorar.

Ranar tarewa ya zaɓi sanyin asuba, lokacin da jikin gizon bai saki ba. Ya rufe ƙofar shago, ya toshe ƙarƙashinta da tsumma, ya ajiye wata roba da kwali a kusa ko da za a yi tsere. Bai zazzage gizon ba, bai kuma zungure shi ba. Robar alewar ya sa gaba ɗaya cikin akwatin a kwance, ya janye murfinta da dogon hantsaki, ya rufe ƙofa. Da gari ya waye washegari robar ba kowa. Bayan kwana tara sai ga farar yana ta lulluɓe bakin gorar, alamar baƙo ya karɓi masauki.

6.0 Kokawa da Yanayin Kano

Gina akwati aikin mako biyu ne, amma riƙon dabbar kurmi a Kano aikin shekara ne, domin kowane yanayi da irin tasa barazanar. Zafin da ya dace da wannan gizo yana tsakanin digiri 24 zuwa 28 a ma'aunin Salshiyos.

Hunturu ne ya fara zuwa da bushewa da ƙura da sanyin dare. Malamin yakan cika mazuban ruwa kullum, ya jiƙa kusurwa ɗaya ta shimfiɗar sau ɗaya a mako, ya bar sauran a bushe. Da dare yakan yafa wa akwatin bargo ta baya da sama, ya bar ƙofofin gefe a buɗe. Bai taɓa shiga da kaskon gawayi shagon ba, saboda hayaƙi.

Bazara ta fi tsanani, domin a watannin Afrilu da Mayu zafin Kano yakan haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano kuwa ya fi haka. A nan sai ya tuna da dabarar Malam Mohammed Bah Abba, malamin makarantar nan na Jihar Jigawa wanda ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000 saboda yaɗa hikimar sa tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, don adana kayan miya. Sirrin abin shi ne, ruwa idan yana bushewa yakan tafi da zafi, kamar dai yadda randa take sanyaya ruwa. Sai ya sauko da akwatin ƙasa, ya ɗora shi a kan bulo cikin wani faffaɗan kasko mai jiƙaƙƙen yashi, ya rataya jiƙaƙƙen buhun algarara a bayansa da tazarar taƙi guda, ya riƙa yayyafa masa ruwa da hantsi da azahar.

Damina kuma ta zo da akasin haka. Laima ta yi yawa, sai ya daina jiƙa ƙasa gaba ɗaya. Kiyashi da cinnaka suka taso, waɗanda suna iya cinye gizo da ransa, sai ya mayar da akwatin kan tebur, ya tsoma ƙafafun teburin cikin gwangwanaye masu ruwa. Babban haɗari kuwa shi ne maganin sauro. Fiya-fiya da maganin feshi da na kunnawa duk ba su san bambancin sauro da gizo ba. Malamin ya koma kwana cikin gidan sauro, Hajiya kuma da kanta take aiko yaro ya gaya masa duk daren da za a yi feshi a cikin gida, don ya rufe tagarsa da wuri.

7.0 Ciyarwa da Saɓa

Tarantula ba ya tauna abinci. Yana soke abin da ya kama da fiƙoƙinsa biyu, ya zuba masa ruwan narkarwa, sa'an nan ya tsotse. Kyankyaso ɗaya ko gyare biyu a mako sun ishe shi. Amma kyankyason gida da farar gona ba abin amincewa ba ne, domin wataƙila sun ci guba. Don haka malamin ya tanadi wani bokiti mai murfi inda yake kiwon kyankyasai da dusa da ɓawon kayan lambu. Duk abin da gizon bai ci ba cikin kwana ɗaya, sai a fitar da shi.

A farkon damina gizon ya daina cin abinci, ya toshe bakin gorar da yana mai kauri, ya yi makonni uku ba a gan shi ba. A irin wannan lokaci ne mai gaggawa yake ɓarna, ya yage yanar don ya duba, ko ya tura abinci. Malamin ya san cewa ƙashin gizo-gizo a waje yake, ba ya kuma girma tare da shi, saboda haka dole ne lokaci-lokaci ya tuɓe tsohon ya fito da sabo, kamar yadda maciji yake saɓa. A wannan hali jikinsa laushi gare shi, har gyare ma yana iya raunata shi. Ya ci gaba da zuba ruwa kawai. Wata safiya sai ya tarar an turo wani abu waje daga bakin gorar, kamar mushen gizo, ƙafafu takwas cif, amma fanko. Ya jira ƙarin kwana goma, har fiƙoƙin suka yi baƙi suka yi ƙwari, kafin ya sake ba shi abinci.

8.0 Saɓa a Cikin Aji

Tun farko malamin ya yanke cewa gizon ba zai taka makaranta ba. Da hedimasta ya ji labari ya tambaye shi ko zai kawo wa yara su gani, sai ya ce, "Ranka ya daɗe, aji mai yara fiye da sittin ba wurin abin da yake da dafi ba ne. Amma ya ba ni rigarsa, ita zan kawo." Ya jiƙa saɓar da ruwan sabulu har ta yi laushi, ya baje ta a kan kwali da allurai, ta bushe, ya rufe ta da leda mai garai-garai.

Yaran unguwar sun san zaki da jimina, domin Gidan Zu, wanda aka kafa a zamanin Gwamna Audu Baƙo, ba shi da nisa da su. Amma ba wanda ya taɓa sa su su dubi ƙaramar halitta da kyau. Ran nan suka ƙirga ƙafafu da kansu, suka ga wasu gajeru biyu a gaba waɗanda ba ƙafafu ba ne, hannuwan taɓawa ne. Suka ga fiƙoƙi, suka ga fararen tabo huɗu na huhu a cikin fatar ciki. Malamin ya nuna musu wani ɗan leɓe a tsakanin huhun gaba biyu, wanda yake nuna cewa gizon mace ce. Nan take wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ashe Ƙoƙi ce!" Aji ya fashe da dariya. Malamin bai kashe mata baki ba. Ya sa aka kamo ƙoƙi-ƙoƙi daga shukokin makaranta washegari, aka ƙirga ƙafafunta aka sami shida, yara suka gane da kansu cewa auren Gizo da Ƙoƙi a tatsuniya kawai ya ɗauru. Darasi ɗaya ya haɗa adabin baka da kimiyya, ba tare da ɗaya ya rushe ɗaya ba.

9.0 Abin Lura ga Mai Koyon Malanta

Ba manufar wannan labari ba ce ɗalibi ya tashi neman tarantula. Wannan nau'i ko ƙwararrun masu kiwo suna shakkarsa, kuma larura ce ta haɗa malamin da shi. Bugu da ƙari, cinikin irin waɗannan halittu yana yi wa dazuzzuka illa. Wani bincike da aka buga a shekarar 2022 ya gano sama da nau'i 1,200 na gizo-gizo da kunama da danginsu ana cinikinsu a duniya, kuma kusan kashi biyu cikin uku daga daji aka kamo su. Baƙar kunamar kurmi da ake fitarwa daga Gana da Togo da Benin tana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta sa ido kan cinikin namun daji tun shekarar 1995. Halittun nan kuma suna da amfanin da ba a gama ganowa ba, domin a shekarar 2016 masu bincike a Amurka sun yi amfani da dafin Heteroscodra maculata wajen gano wata hanya da jijiyoyi suke isar da raɗaɗi.

Malamin da yake son kusurwar halittu a ajinsa, ƙananan gizo-gizon lambu masu saƙa yana a damina sun ishe shi. A sa ɗaya a babbar kwalbar roba mai huda, da reshe da murfin ruwa, yara su lura da shi kwana uku ko huɗu, su zana abin da suka gani, sa'an nan a mayar da shi inda aka ɗauko shi a gaban idonsu.

10.0 Kammalawa

Abin da ya raya gizon nan a Kano shi ne, kafin a yanka gilashi an fara tambayar daga ina ya fito, yaya yake numfashi, me yake tsoro. Da an bi abin da aka saba, da akwatin kifi aka yi masa, a kwance, a rufe, cike da ruwa, kuma da bai ga ƙarshen hunturu ba. Malamin da aka danƙa wa aji shi ma baƙi ake kawo masa, kowanne daga gidan da ya fito da irin abin da ya saba da shi. Wani yana buƙatar a ja shi a jiki, wani kuma a ba shi lokaci, kamar makonni ukun nan da aka bar bakin gora a toshe. Gane wanne ne wanne ba ya samuwa sai da lura ta yau da gobe, da rubuta abin da aka gani, da tambayar waɗanda suka fi sani.

Auna Fahimta

1. Kawo bambance-bambance uku tsakanin gizo-gizo da ƙwaro kamar yadda suka zo a cikin rubutun.
2. Bayyana dalilin da ya sa aka yi masaukin a tsaye, aka kuma huda shi gefe biyu.
3. Waɗanne sharuɗɗa Hajiya ta gindaya, kuma ta yaya malamin ya cika kowannensu?
4. Fito da karin magana da kalmomin girmamawa da aka yi amfani da su, ka bayyana muhallin kowanne.
5. Tsara darasin minti 35 ga 'yan aji biyar na firamare wanda zai haɗa tatsuniyar Gizo da nazarin gizo-gizo.